Zaren da Ya Ƙi Shiga Allura

Yaya Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina fatan kana lafiya. Yaya matarmu Rifkatu da yara, yaya sanyin Jos? Mu nan Gwandu sai godiya.

Yaya, tsoro nake ji. Ina cikin ɗinkin ankon zumuntar maza ta cocinmu, zare ya ƙi shiga allura, sai mai ɗakina Saratu ce ta zura mini. Na je Kalgo wurin likita, ya ce idon dama ya tafi, na hagu yana bin sawunsa.

Ran Lahadi muna Addu'ar Ubangiji, da muka kai inda ake roƙon a yi nufinsa, bakina ya mutu. Ni ne fa mai koya wa maza cewa nasara tana wurin miƙa kai ga Allah. Ashe da ido biyu nake faɗa.

Saratu ta ce, "Baban Ladi, ba don ɗinki Allah ya halicce ka ba." Na sani. Amma magidancin da ake yi wa jagora, me zai ce ya tsinana?

Ka gai da Kawu Markus. Ku yi mini addu'a, ba ta ido kaɗai ba. Ku roƙa mini bakin ƙarasa addu'ar nan.

Ƙaninka,
Ishaya