Ka Ba Gimbiyar Fim In'inata

Zuwa ga Gaspard, hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da na kurɓa ya sarƙe ni,

Masoyina, ranar Asabar na je kallon fim ɗinka. Na sa shuɗiyar rigar nan da kake so, na riƙo hannun Mama, ina ta gaya wa mutane a layin tikiti cewa wanda zan aura ne ya rubuta labarin. Fadar sarakunan da, fadawa da hulunan gashi masu hoda, kukun sarki da ya wayi gari jakada! Mun yi dariya har da hawaye.

Sai ga tsohuwar gimbiyar nan mai jan kumatu ta durƙusa gaban kukun, ta buɗe baki.

Gaspard, ka tuna Lahadin nan a bakin kogin Marne, da muka shimfiɗa kwat ɗinka kan ciyawa, ga burodi ga inabi? Ranar na yi ƙarfin hali zan ce ina sonka, in'inata ta riƙe ni, kalmar ta maƙale, na yi ta fama har na fashe da kuka na ce maka harshena ya fi zuciyata tsoro. Ka sumbaci goshina, ka ce ba ka taɓa jin zance mai daɗinsa ba.

Shi ka ba gimbiyar. Kalma da kalma, har inda nake maƙalewa, har yadda nake murɗa yatsa! Silimar ta kece da dariya. Mama ma ta yi, sai can ta juyo ta dube ni.

Haba, tauraron asubahina! Ashe lokacin da kake share mini hawaye haddacewa kake yi? Na buɗe maka abin da nake ɓoye wa duniya tun ina 'yar makaranta, ka kai shi inda duk mutanen birnin Faris za su gani?

Mama ta ce in mayar maka da zobenka. Na cire shi, na kasa sa shi a ambulan.

Kada ka rubuto mini. Na ga abin da alƙalaminka ke iyawa. Ka zo da ƙafarka, ka hau benenmu, ka tsaya gabana ka faɗi dalili. Zan jira ka gama komai daɗewarka, ba kuma zan yi dariya ba.

Taka har ƙasa ta rufe idona, ko da ban yafe ba,
Solange