Allon Ƙarfe a Ƙofar Soron Kakanmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da aka ɗora wa raya unguwanni da adana kayan tarihi a yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, sunana Idi, manomi a Birnin Gwari, jikan mutumin da ya gina tsohon soron da ke bakin zangon unguwarmu, inda fatake suke sauka a da. Na yi ta zarya ofishinku har masinja ya haddace fuskata, kullum sai a ce kuna taro. Shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta muku.

Na farko. Tun ina yaro, kowace bazara kafin ruwa ya sauka, gayya muke yi wa soron nan. Maza su kwaɓa ƙasa da ciyawa, mata su jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawar da ke hana ruwa cin gini, a yaɓe bango, a gyara indararo, a ci tuwo a watse. Ba mu taɓa neman sisin kowa ba. Ginin ƙasa kamar tsoho yake, ranar da aka daina leƙa shi ranar zai fara kwanciya.

Na biyu. Ma'aikatanku sun zo da mota, suka auna, suka ɗauki hoto, suka ce soron ya shiga cikin kayan tarihi, an ware masa kuɗi, masana na nan tafe. Suka kafa allon ƙarfe da siminti a ƙofarsa, mai rubutun cewa ana adana shi, suka ja kunnen mai unguwa cewa duk wanda ya taɓa bangon zai gamu da hukuma, wai kada mu ɓata asalinsa. Wallahi murna muka yi, har zakara na yanka musu. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta, mu muna zaman jiran gawon shanu. Ana ta cewa kuɗin sun fito sun bi wata hanya. Ban gani ba, ba zan rantse ba. Abin da na gani shi ne bangon gabas ya tsage har hannuna yana shiga, gara kuma ta cinye azara. Sabuwar azara kuwa sai an shiga daji, dajin da kun san yanzu ba namu ba ne.

Na uku, kuma shi ne ke hana ni sukuni. Yayata Hajara ta gudo daga Gwaska da jikokinta bayan 'yan bindiga sun tashe su. Gidana ya cika, babu inda zan sa su sai soron nan. Yanzu da hadari ya haɗo, sai ta kwashe yaran su fito fili su tsaya, domin dukan ruwa ya fi mata sauƙi a kan zama ƙarƙashin rufin. Matar da ta tsere wa bindiga, yau ginin kakanta take tsoro.

Na taɓa kwaɓa ƙasa zan toshe tsagar, mai unguwa ya zo yana haɗa ni da Allah, ya ce rawaninsa ne zai tafi. Na bar kwaɓin ya bushe a wurin. Ina ji ina gani, ba ni da yadda zan yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu an ɗaure mana hannu an ce mu yi kallo.

Ranka ya daɗe, ba kuɗi nake roƙo ba. Ku aiko wa mai unguwa da kalma ɗaya cewa an yarda mu yi yaɓenmu, gobe za ku ga gayya. Idan hakan ya saɓa wa dokarku, ku turo masanan kafin ruwa ya kankama. Idan shi ma ba zai yiwu ba, ku sama wa Hajara ɗaki.

In kuwa duka babu, to ranar da soron ya zube ku taimaka ku aiko a cire allon, don shi yana da siminti, ba zai faɗi ba. Babbar jikar Hajara ta fara haɗa baƙi, ba na so ta tsaya gaban tarin ƙasa tana karanta cewa ana adana shi.

Allah ya yi muku jagora, ya sa ku gama lafiya, ya kare iyalanku daga kwana a ƙarƙashin rufin da suke tsoro.

Wassalam.

Naku,
Idi, jikan mai soro