Kwamfutarmu ta Tawa ta Daina Rubuta Ƙ, Ɗ da Ɓ

Zuwa ga Mai girma Darektan shirin yaƙi da jahilci, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da iyali da abokan aiki. Ni ne Mushe Isufu, wanda ke buga takardun karatu na azuzuwan manya a buro, wato ofishinmu na Tawa. Na aiko da koke har ya gaji da kwanciya a teburin sakatare, shi ya sa na fito da shi fili. Ban zo da faɗa ba.

Na farko, godiya. Kafin ku ba mu kwamfuta, da tafireta nake bugu, sannan in bi kowace takarda da biro ina lanƙwasa wa haruffa ƙugiya. Wanda ya yi wannan aikin ya san abin da kuka sauke mana.

Na biyu, abin da ya faru. Da can idan na kunna na'urar, baƙin gilashi ke tarbata, in buga sunana da kalmar sirri. Nan take sai ta karanta wani ɗan fayil mai suna .profile, wanda injiniyanku Malam Habu ya rubuta mini. A cikinsa aka gaya mata inda haruffan Hausa suke, da injin da za ta tura wa bugu. Bayan girbi Malam Habu ya dawo ya sa mana sabuwar ƙofar shiga mai hoto, wadda ake dannawa kawai. Niyyarsa mai kyau ce, don malamanmu mata suna tsoron baƙin gilashin nan, su ne ma suka roƙe shi. Sai dai sabuwar ƙofar ba ta karanta wancan fayil. Mutum zai shiga lafiya, ya rubuta, ya tura bugu, takarda ta fito duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai fili. Ƙuri'a ta koma uri'a. Zaɓe ya rabu biyu.

Na uku, na kira Malam Habu ta waya, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce layi ɗaya ya manta, wanda zai sa ƙofar ta karanta fayil ɗin kafin ta buɗe. Amma wurin da za a sa layin a kulle yake da kalmar sirrin babban mai kula, wadda dokar shirinku ta hana a faɗa wa kowa, shi kuma ba zai zo Tawa ba sai da takardar izinin tafiya daga hannunka. Ya koya mini dabara: in buɗe ƙaramar tagar umarni, in kira fayil ɗin da hannu, in tayar da aikin daga nan. Ni tana yi mini. Amma ni ba kullum nake buro ba.

Ran da na tafi Barmu duba aji, Malama Zeinabu mai koyarwa a Takanamat ta zo ta buga jerin sunayen ɗalibanta, don kowace ta kwafi nata. Motar kasuwa na jiranta, ta naɗe takardun ta tafi ba ta duba ba. Cikin ajinta akwai wata dattijuwa, Inna Ɗayyaba, mai saƙar tabarma, wadda ta yi rani guda tana fama da harafin farko na sunanta har ta iya. Da ta ga an buga sunanta ayyaba a takardar na'ura, sai ta ɗauki allonta ta goge nata da gefen zane. Malama ta ce mata: “Inna, naki ne daidai.” Ta ce: “Ɗiyata, kada ki lallashe ni. Ƙarfen Nasara ba ya kuskure, ni ce tsohuwa.” Tun daga ranar ba ta sake zama a aji ba, maƙwabtanta biyu ma suka bi ta. Malama Zeinabu ta ba ni labarin nan tana kuka, tana ganin laifinta ne. Ba laifinta ba ne. Ba na Malam Habu ba ne kuma, da yake shi kaɗai ke yawo tsakanin jihohi da jakar faifai.

Ranka ya daɗe, na san ƙasa na cikin matsi, na san man mota ya yi wuya. Ga roƙona: ko dai ka sa hannu Malam Habu ya zo, ko ka aiko da kalmar sirrin cikin ambulan a rufe zuwa ga shugaban buronmu, a sa layin a gabansa, a sake rufewa. Kuma a duba sauran burorin da aka canja wa ƙofa, don ban yi zaton mu kaɗai ba ne.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ran da aka yi ruwan shuka, azuzuwa sun tashi ke nan sai baɗi, kuma ba duk wanda ya tafi gona yake dawowa ba.

Allah ya yi maka jagora, ya sauƙaƙa maka nauyin da ke kanka.

Wassalam.

Mushe Isufu, buron yaƙi da jahilci, Tawa.