Ƙarshen Waƙar Dakta

Sulay, Riyad
9 ga Maris, 2014

Zuwa ga Hansai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Uwais da Bilƙisu. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta da kyau.

Na san kin yi ta kirana ba kya samu. Wayata na hannun 'yan sanda, shi ya sa na ba abokina Oumarou wannan takarda, zai biyo ta Katsina kafin ya wuce Maraɗi. Ki kwantar da hankalinki, an sake ni.

Hansai, Dakta ya rasu, kuma a motata ya rasu.

Tsohon Baturen nan nake nufi, malamin kwalejin da ke Ulaya, wanda kamfani ya ba ni in riƙa tuƙawa. Ban taɓa gaya miki abin da yake yi a mota ba, don na san dariya za ki yi. Akwai wasu waƙoƙin soyayya na mutanen ƙasarsu, na shekaru ɗaruruwa, da wani tsohon Turanci wanda su kansu Turawan yau ba sa ganewa. Shi ne yake mai da su Turancin yanzu, kuma a waƙe. Kullum bayan la'asar, in mun kama hanyar gidansa a Badi'a, sai ya kira wata mata a Ingila ya karanta mata. Madam nake ce mata. Ta ce a cire wannan kalma, ya ƙi, su yi ta musu har gida. Duk waƙoƙin kusan abu ɗaya ne: namiji ya rame, ya kasa barci, yana roƙon mace ta tausaya masa.

Ran Litinin yana karanta wata a kan mutumin da kogi ya raba da masoyiyarsa. Iya Turancina, ga abin da na ji: "Kogi ya cika, mai fito ya tafi, ga ki can ƙetare kina shanya." Sai ya yi shiru. Na ɗauka numfashi yake ja. Cunkoso ya yi yawa, hankalina na kan titi. Sai da na tsaya a ƙofar gidan na buɗe masa mota, ya zubo jikina. Na tuƙa gawa tun daga tsakiyar gari, har ina rage sanyin mota don kada ya dame shi.

Aka karɓe waya da iƙamata, wato takardar izinin zamana, aka rufe ni. Baƙon direba, fasinja ya mutu a bayansa, ba shaida. Na riga na fara tunanin wanda zai riƙe ku. Ashe wayarsa da ta faɗi ƙarƙashin kujera ba ta katse ba. Madam ta ji komai, har salatin da na yi ta yi. Ita ta tayar da ofishin jakadancinsu, likita kuma ya ce zuciya ce.

Ki sa Inna ta yi mini addu'a.

Naki,
Isiyaku

Sulay, Riyad
20 ga Maris, 2014

Hansai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Na ji muryarki jiya, amma akwai abin da na kasa faɗa a waya, ga mutane cike da ɗaki.

Madam ta nemi lambata a kamfani ta kira ni. Na yi mata ta'aziyyar mijinta. Ta ce ba mijinta ba ne, sun rabu tun ɗansu yana goye, ga shi yanzu shi ma yana da 'ya'ya. Duk tsawon lokacin nan ina jin yana karanta mata kalaman da ni ko a ɗaka zan ji kunyar faɗa miki, ashe sakakkiyarsa ce. Ta ce zama ɗaya ne ya gagare su, amma bai taɓa kira ta ƙi ɗauka ba.

Sannan ta gaya mini dalilin kiran. Waƙar kogin nan ba ta da ƙarshe. Fatar da aka rubuta ta a kai ta yage daidai wurin, ba wanda ya san abin da mutumin ya ce wa masoyiyar. Dakta ya daɗe yana cewa ba huruminsa ba ne ya ƙarasa wa mamaci magana. Amma ranar, kafin ya fara, ya ce mata ya yi wa waƙar ƙarshe da kansa, ta saurara da kyau don akwai tambaya a ciki, kuma amsarta yake jira. An duba takardunsa, bai rubuta ko'ina ba. A kansa ya riƙe.

Ta tambaye ni ko na ji wani abu da waya ba ta ɗauka ba.

Hansai, na so in ƙirƙira mata wani abu. Tsohuwa ce, muryarta na rawa. Amma na gaya mata gaskiya: na hango shi ta madubi leɓɓansa na motsi, sauti bai fito ba, wata babbar mota ta danno mini, na mai da idona titi. Ta ce ba komai, ta san tambayar, kuma da ya ƙarasa da ta ce masa to. Ta yi mini godiya ta kashe. Ina jin roƙonta zai yi ta dawo.

Tun ranar na kasa tuƙi. In na kalli madubi sai in ga kamar akwai mutum a baya. Na je wurin kafili, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a nan, na roƙi hutu, ya ƙi, na ce to a buga mini bizar fita ta dindindin. Ya kalle ni kamar mahaukaci, amma ya sa hannu. Ban san aikin da zan yi a gida ba, kuma na san ginin gidanmu bai kai linta ba. In za ki yi mini faɗa, ki bari sai na zo ki yi shi a gabana.

Ki gaida Inna da maƙwabtanmu su Alheri. Kada ki faɗa wa yara tukuna.

Mijinki,
Isiyaku