Ranar da Na Ce Ɗana Ne

Sharja, ranar Talata

Yaya Farkunda,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Yana shan maganin kuwa? Ni lafiya lau, sai dai tsayuwar gidan burodin nan ta fara cin bayana.

Zancen autata Mina ne. Kin san shekara uku ke nan da aske gashi da komawa sunan maza, Kiyan. Da Farisancinmu ban sha wahala ba, tunda "shi" da "ita" duk kalma ɗaya ce. Na laɓe a bayanta, ban amince ba, ban ƙi ba. Larabcin nan kuwa ba ya barin mutum ya laɓe.

Makon jiya zazzaɓin Kiyan ya kai mu asibiti. Ma'aikaciyar ta dube mu ta ce, "Hajiya, ɗanki ne ko 'yarki?" Kiyan ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ɗana ne."

A motar haya ya kwantar da kai a kafaɗata ya ce, "Mama, sake faɗa." Na ce, "Rufa mini baki, zazzaɓi ke damunka." Amma na sake faɗa.

Yaya, na gaji, ban ma san ko daidai na yi ba. Kada ki gaya wa kowa, zan faɗa da bakina idan mun zo gida bikin sabuwar shekara na Nauruz. Mayafin da kika saya masa, ki ba 'yarki. In za ki aiko da wani abu, aiko da rigar maza, kada ta cika faɗi, ya rame.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Gulnar