Ƙarami Ke Fara Magana

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa daga 'yarki Rahila. Na san inda kike ba a kai wasiƙa, amma bakina ya ƙi yin shiru, kuma ke kika saba jin labarina da zafinsa.

Jiya na je intabiyu a wani asibiti a nan Tudun Wada, suna neman shugabar nas-nas. Ina son aikin nan kamar raina, Mama. Tun rasuwarki Baba shi kaɗai ne a gida, idonsa kuma kullum ƙara dushewa yake. Kwanaki gishiri ya zuba a kokonsa. Shi dariya ya yi, ni kuwa da kuka na koma wurin aikina a Kaduna. In na samu aikin, na dawo gida ke nan.

Su uku na tarar: babban likita mai furfura, wani Alhaji, da wata matashiyar likita da ba ta ce uffan ba. Babban ya tambaye ni ko na taɓa shugabantar mutanen da kansu ya rabu, da yadda na yi da su. Wayyo, duk Turancin da na haddace ya gudu ya bar ni! Ke kika faɗo mini a rai.

Na tuna ranar da matan zumunta na cocinmu suka rabu biyu a kan zanen anko, har wasu suka daina gaisawa. Kika tara su a tsakar gidanmu, kika juye gyaɗa a faifai, kika ce kowa ta sa hannu a ɓara. Kin ce hannun da ke aiki ba ya nuna mutum da yatsa.

Sannan kika sa amaryar da ta shigo zumunta kwanan nan ta fara magana. Manyan mata suka haɗe rai. Ko a jikinki. Kika ce in babba ya fara, ƙarami ba shi da abin cewa sai "haka ne", ko da cikinsa na tafasa.

Shi na ba su labari, da yadda na ara a wurin aikina. Manyan nas-nas sun ce sun girmi aikin dare, ƙananan kuma ba sa iya musu, sai dai kullum a wayi gari wata ba ta da lafiya. Na zube mana auduga muna dunƙulawa, na ce autarmu ta fara. Ta ce goyo gare ta, ba mai riƙe mata. Ashe manyan ba su ma sani ba. Aka raba aikin daren, manyan suka ɗauki wani kaso.

Ban yi musu ƙarya ba, Mama. Na ce Sista Asabe, babbarmu, ta daɗe tana amsa gaisuwata ciki-ciki, kuma har yau ba ta yarda na yi daidai ba. Amma ba a sake barin majinyaci ba nas ba.

Babban likitan ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Ya juya wajen matashiyar nan ya ce, "To, Dakta, ke za ki fara." Alhajin ya fashe da dariya. Ni kuwa ƙwalla ce ta cika mini ido, don na ji kamar kina zaune a ɗakin.

Sun ce za su kira ni. Ban sani ba tukuna, amma zuciyata a sake take. Baba kuwa bai jira su ba, yau da safe na same shi yana laluben bango yana share ɗakina.

Ubangiji ya ba ki hutawa a gabansa, ya riƙe mana Baba, ya sa sharar nan tasa ba ta tafi a banza ba. Amin.

Taki har kullum,
Rahila