Na Ji Ɗana Yana Cewa a Cire Mini Bututu

Hajiya mai filin shawara, ki taimake ni, don a gidana babu sauran wanda na yarda da shi. Ban yi lakol ba, ban san boko ba. Ɗiyata Maryama ce ke rubutawa, na kuma ce ta rubuta yadda na faɗa, za ni kai wa wani ya karanta mini in ji ko ta gyara.

A Matameye ni ake kira idan an yi gardamar iyakar gona ko asalin gida. Na san shekarar da aka haƙa kowace rijiya daga nan har Dungu. Ban taɓa faɗin abu a gaban mai gari aka same shi ba daidai ba. Ki riƙe wannan.

Da sanyin bana ciwon huhu ya kayar da ni. Aka kai ni Damagaram, ɗakin da suke kira reya, inda ake ajiye waɗanda suka yi nisa. Wai kwanana tara. Bututu a baki, fitila ba ta mutuwa, hannuwana a ɗaure, har yau da sawun. A ɗakin nan na ga babban ɗana Habibu tsaye a kaina, yana ce wa dokotoro tsohon nan ya gama, a cire bututun a huta. Da Faransanci ya faɗa, ni kuwa da ba na ji, Allah ya buɗe mini kunne na ji komai. Abokina Manu ma yana zaune a ƙafar gado yana girgiza kai, shi da ya rasu tun shekarar fari.

Yanzu kowa ya haɗa baki wai zazzaɓi ne. Wai Habibu daga Kano ya taso, jini ya ba ni, kuma ta gilashi kawai aka bari ya leƙe ni. Ni ban ga jinin ba. Abin da na sani, shekara biyu yana damuna in sayar da gonar hanyar Ɗan Barto, na ƙi. Me ya sa bakinsu ya zo ɗaya haka? Maryama tana kuka yanzu, na ce ta ci gaba. Juma'ar da zai dawo shuka na yi niyyar tara dattawa in janye albarkata daga kansa. Amma barci ya ƙi ni. In gaskiyarsu ce, to ni wane ne?

Dattijo mai riƙon tarihi, Matameye.

AMSA

Baba, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ba ƙarya kake yi ba. Ka ga abin da ka gani. Ɗaurin hannu ma gaskiya ne, ana yi don kada majinyaci ya fizge bututun numfashinsa.

Na kai wasiƙarka wurin wata likita da ta daɗe a irin wannan ɗaki. Ta ce idan cuta ta yi ƙarfi, jiki yakan tashi yaƙi, yaƙin yana haddasa kumburi, kumburin kuma ba ya tsayawa a huhu, yakan bi jini ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ga maganin barci, ga fitilar da ta hana a gane dare da rana. Sai mutum ya ga abin da babu, ya kuma riƙe shi daram kamar ya faru. Ta ce ya fi kama tsofaffi, kuma da yawa suna tashi da imanin an so kashe su. Ba hauka ba ne, ba kuma tsufan kai ba.

Kai mai auna shaida ne, auna wannan. A ina Habibu mai ciranin Kano ya koyi Faransanci? Yaushe kai ka fara ji? Shaidarka ɗaya tak, Manu, shi ma yana kabari. Da wani ya kawo maka irin wannan a gardamar gona, za ka karɓa?

Ban wanke Habibu a kan gona ba. Ya matsa maka, abin ya zauna a ranka, zazzaɓi ya same shi a can ya ɗora a kan fuskar da ka hango ta gilashi. Gonarka ce, faɗa masa ido da ido ya bar zancen.

Kada ka tara kowa ranar Juma'a. Je ka Damagaram da dattijon da ka yarda da shi, ka tambayi masu jinya wa aka bari ya shiga, wa ya ba da jini. Ka gaya wa likita barci ya ƙi ka. Tarihin rijiyoyin Dungu yana nan a cikin kanka, kwana tara kawai ka yi da rashin lafiya. Idan ka tarar jinin Habibu ne ke yawo a jikinka, ka kira shi da kanka kafin a yi shuka.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya shirya tsakaninku. Ka kuma sa wa Maryama albarka, tunda har kukanta ta rubuta, ba ta gyara ko kalma ɗaya ba.